Bashe Ba Ta Mutuwa Gaba Ɗaya: Tarihin Gyaran Tsofaffin Motoci a Damargu



A faɗin Damargu, daga Bakin Birji zuwa Tanut, daga Gangara zuwa Belbeji, akwai motocin da suka girmi direbobinsu nesa ba kusa ba. Ina nufin ƙananan motocin nan na ɗaukar kaya masu buɗaɗɗen baya, waɗanda muke kira bashe, mutanen Kano kuma suke ce musu a-kori-kura. Da yawa daga cikinsu kamfanonin da suka ƙera su sun daina yin irinsu tun da daɗewa, a ƙasashen da suka fito kuwa sai dai a gan su a gidan tarihi ko a hannun masu sha'awar kayan da. Amma a nan su ne ke kai gero kasuwa, su ne ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare, su ne ke kai sabon malami garin da aka tura shi da katifarsa da buhun shinkafarsa, su ne ke kai ɗalibai cibiyar jarrabawa. Ranar da bashen gari ta kwanta, har farashin tiya sai ya motsa.

Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi waɗannan motoci suka kawo yau da ransu. Ƙarfen Faransa da na Japan yana da ƙwari, babu musu. Sai dai abin da ya riƙe su shekara talatin ko arba'in a kan rairayinmu shi ne wani ilimi da aka gina a ƙofar gida da gindin bishiya: ilimin gyara, da na ciro kaya daga matacciyar mota a raya mai sauran numfashi. Ilimin nan yana da asali da tarihi, kuma a yau yana cikin haɗari. Mu da muke riƙe da yara, a aji ko a gida, muna da hannu a makomarsa.

Kafin mota akwai raƙumi

Damargu hanya ce tun kaka da kakanni. Ayarin Abzinawa, musamman na Kel Ewey, yakan sauko daga Agadas da gishirin Bilma da dabino, ya yada zango a nan, ya sayi gero, sannan ya wuce Damagaram da Kano. Shi ya sa ake ce wa Damargu rumbun Abzin. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, tare da irin wannan ayari ya iso Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel ne ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu. Daga nan Damargu gashin jimina ya riƙa tafiya har Tarabulus. Masanin tarihi Stephen Baier ya yi dogon nazari a kan wannan fatauci a littafinsa na tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar da ya fito a 1980.

Abin lura a nan shi ne dokar ayari. Tsakanin rijiya da rijiya babu kasuwa, babu maƙera. Don haka ba a tashi sai da basilla da igiya da guntayen fata. Sirdin da ya karye a hanya, a hanya ake gyara shi. Raƙumin da ya gaza, a sauke kayansa a raba wa sauran, a yanka shi a ci nama, fatarsa ta koma igiya da takalma. Madugu yakan gane raƙumin da zai kwanta gobe tun daga yadda yake taka ƙasa yau. Wanda ya san wannan doka ba zai yi mamakin direban Damargu da ke kasa kunne ga kukan injinsa ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hajar Turai ta koma shigowa ta teku, fataucin hamada ya fara ja da baya. Yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, da ƙwace raƙuma da Faransawa suka riƙa yi, sun ƙara karya ayari. A ƙarshen 1924 tawagar motocin Citroën da ta ratsa Afirka ta biyo ta Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin mallaka. Duk da haka mota ta daɗe tana abin kwamanda da manyan kantunan Turawa. Manyan motocin gyaɗa sun fi zirga-zirga a kudu, wajen Magarya da Matamai. Talakan Damargu ya ci gaba da raƙuminsa da jakinsa da takarkarinsa har bayan samun 'yancin kai.

Zuwan bashe

A 1960, shekarar da Nijar ta sami 'yanci, kamfanin Peugeot ya fito da mota ƙirar 404, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare ya fito da mai buɗaɗɗen baya da ake rufawa da tamfol. Daga kalmar Faransanci ta tamfol ɗin ne sunan bashe ya samo asali. Injinta na fetur mai silinda huɗu ne, kafireto ke ba shi mai, babu wata na'ura a ciki da idon mutum ba zai gani ba. Bayanta kuma yana zaune a kan sifirin, wato ƙarafan nan falle-falle da aka jera bisa juna. Da sifana 'yan ƙalilan da filaya da sukuddireba mutum zai iya kwance rabin motar ya mayar. A gefenta akwai Land Rover ta Ingila, motar jami'an gwamnati da likitocin dabbobi, wadda ƙafafunta huɗu duk suna ja, jikinta kuma na alminiyam ne, ba ya tsatsa.

Abin da ya ba Peugeot gindin zama a ƙasarmu ya faru ne a Najeriya. A 1975 masana'antar harhaɗa Peugeot ta fara aiki a Kakuri, cikin Kaduna. A 1979 bashe ƙirar 504 ta fito, kuma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da bari. To, mu duba taswira. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne. Daga Damagaram zuwa Kano, ta Matamai da Daura, kimanin 240. Daga Damagaram zuwa Yamai kuwa kusan 900. Ke nan mai mota a Damargu ya fi kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda ake sayar da kayan gyara, a kan babban birnin ƙasarsa. Hanyar da gishiri ya bi ya sauka, ita fistin da fulogi suka biyo suka hau.

Shaidar wannan tana bakin kanikawanmu. Ka zauna a gareji ka saurara: wani ya ce buji, wani ya ce fulogi, wani kirik, wani jak, wani kile, wani sifana, wani esansi, wani fetur, wani aparanti, wani karen mota. Kalma ɗaya ta zo daga Faransanci ta Yamai da Damagaram, ɗaya ta zo daga Ingilishi ta Kano, duka biyu suka zama Hausa a bakin mutanen da yawancinsu ba su yi lakwal ba. Malamin harshe da ke neman misalin aron kalmomi ba sai ya je nesa ba.

Fari da Toyota

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun yi wa dabbobin Damargu ɓarnar da tsofaffi ba sa mantawa. Manyan motoci na kawo hatsin agaji su sauke a Tanut, amma daga nan zuwa ƙauyuka da rugage sai ƙananan motoci, domin dabbobin da za su ɗauka sun mutu ko sun rame. A waɗannan shekaru ne mutanen karkara da yawa suka saba da mota a matsayin abin yau da gobe. Wasu gidajen da suka gaji jigila da raƙuma sun juya ga sitiyari. Ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara sun shigo da motoci, idan aikin ya ƙare ko motar ta tsufa a yi gwanjonta, ta faɗa hannun 'yan kasuwa.

Ta wannan ƙofa Toyota ta yi ƙarfi. Hilux ta fara fitowa a 1968, Land Cruiser jerin 70 kuma a 1984. A 1987 sojojin Cadi suka kori na Libiya daga arewacin ƙasarsu a kan irin waɗannan motoci, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota, labarin kuwa ya game hamada. Daga 1990 aka fara sa wa Land Cruiser injin gazuwal mai silinda shida da ake kira 1HZ, wanda kanikawa ke so saboda famfon mansa ba ya buƙatar kwamfuta.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu. Wajen 1980 aka kammala hanyar uraniyum daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, sai babban sufurin arewa ya karkata can yamma. Damargu, wadda a da ita ce ƙofar Abzin, ta koma gefe. Sabuwar mota ba ta cika fara rayuwarta a nan ba. Abin da ke iso mu shi ne wadda ta gama aikin gwamnati, ko ta gama na ƙungiya, ko ta gaji da Kano ko Agadas. Wanda rabonsa tsohuwar mota ce, dole ya iya jinyarta.

1994: shekarar da mushe ya yi daraja

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Kayan gyaran da ake saye jika goma ya tasam ma jika ashirin, alhali kuɗin buhun da motar ke ɗauka bai ninka ba. Daga nan kasuwar kayan gyara ta rabu kashi huɗu, kuma haka take har yau. Akwai sabo na asali, wanda sai mai hali. Akwai tsohon Turai da ke shigowa ta Kwatano da Lome, wanda a Najeriya ake ce masa Beljiyam. Akwai sabo na jabu, mai ƙyalli a kwali, mai mutuwa cikin wata guda. Araha ba ta ado. Sai na huɗu, wanda ake cirowa daga mushen mota a nan gida.

Shi ya sa za ka ga gidan mai bashe da motoci biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya tana zaune a kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta. Baƙo zai ɗauka shara ce. A wurin mai gida rumbu ce. Yau a ciro mata kafireto, gobe gilashi, jibi ƙofa, wata rana akwatin giya. Maƙwabci ya zo ya ari famfon mai, ya biya da batir ko da jigilar buhu biyu. Kanikawa kuma suka ƙware a aurar da kayan da ba dangi ɗaya ba: injin Toyota a cikin jikin Land Rover, lagireton wata mota a gaban wata, mai walda ya yanka ya haɗa mazauni har ya zauna daram. Motar da takardarta ta ce 404 ce, idan ka bi ta sashe-sashe, za ka iske motoci huɗu ko biyar a jikinta.

Babban aikin kuwa a gida ake yin sa, jajibirin kasuwa. Abokan gabar mota a Damargu sanannu ne. Ƙura tana shiga inji ta cinye shi kamar yadda tsakuwa ke cin haƙori, don haka ake cire matatar iska a kakkaɓe a hure. Zafin bazara yakan wuce digiri 40, ruwan wasu rijiyoyinmu kuma yana barin farin dasashi da ke toshe lagireto, shi ya sa mai kula yakan tara ruwan sama don motarsa. Man 'yan ruwa-ruwa da ake saye a kwalba da jarka yakan zo da datti ko ruwa, sai a tace shi da ƙyalle kafin a zuba. Gargadar hanya tana kwance noti, don haka bayan kowace tafiya sai an shiga ƙarƙashi an bi su ɗaya bayan ɗaya an ɗaure. A duba baƙin mai, a duba ruwan batir, a taɓa fanbel a ji ko ya saki. Yaron gida ne ke riƙe tocila, shi ke miƙa sifana, kuma a nan karatunsa yake farawa.

Idan aka lalace a daji, sai dokar ayari ta dawo. Tankin mai ya tsage, a murza sabulu a liƙe. Famfon mai ya mutu, a ɗora jarka bisa rufi a ja tiyo zuwa kafireto, mai ya gangaro da kansa. Gaskit ya ƙone, a yanka kwali. Mota ta kafe a rairayi, a rage iskar taya, a tona, a shimfiɗa rassa, fasinja su tura. Wata bazara, a hanyar komawa ƙauyen da nake koyarwa a lokacin, babban fallen sifirin na baya ya karye mana, jikin motar ya zauna a kan taya. Karen motar, yaron da ya bar makaranta a aji biyar, ya sa aka sauke buhuna, ya ɗaga motar da jak, ya saro reshen aduwa daidai tsawon da yake so, ya kafa shi, ya naɗe da robar cikin taya tamau. A hankali muka shiga gari kafin magariba. Muna tafe yana gaya mini cewa wuta tana bin silinda ɗaya, uku, huɗu, biyu, kuma da ido yake bambanta noti mai lamba 13 da mai 14. Tsakaninsu milimita ɗaya ce tak.

Inda mushen yake ƙarewa

Ko bayan an gama cire duk abin da wata mota za ta mora, saura ba ya zama asara. Fallen sifirin ƙarfe ne mai ƙwari, maƙeri ke saye ya ƙera gatari da wuƙa da hauya. Ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya, da tayoyinsa, shi ne ƙashin bayan amalanken da ke ɗauko damman gero daga gona da gangunan ruwa daga rijiya. Robar cikin taya ta zama guga, ta maye gurbin wasakin fata a rijiyoyinmu masu zurfi. Taya ta zama takalmi da kwamin shayar da awaki. Fistin da sauran alminiyam a narkar a zuba tukunya da ludayi. Tsohon baƙin mai a shafa wa azara don gara. Batirin da ya kasa tayar da inji ya koma kunna fitila.

Mu malamai muna da namu kaso. Ƙarfen taya, wato janti, da aka rataye a reshen bishiya a tsakar makaranta, wanda ake bugawa da safe yara su sheƙo a guje, daga ina ya fito? A makarantun karkara da na sani, tsohuwar mota ce ke kiran yara aji kullum safiya.

Wannan hikima ba mu kaɗai ke da ita ba. Akwai kasuwar Katako a Yamai, da Panteka a Kaduna, da unguwar Suame a Kumasi ta ƙasar Gana, inda dubban masu sana'a ke rayuwa a kan gyara da sake ƙira. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ita kanta Faransa, tun 1 ga Janairu 2017 doka ta wajabta wa masu gareji su gabatar wa mai mota zaɓin tsofaffin kayan gyara masu kyau a wasu sassan mota. Abin da rashi ya koya mana tun shekaru da dama, su sai da doka suka komo gare shi.

Abubuwan da ke yi wa wannan ilimi barazana

Na farko, sikeli. 'Yan gwangwan suna yawo gari-gari suna sayen ƙarfe da kilo, a loda a kai kudu a narkar. Magada da ba su san darajar abin da ke tsakar gidansu ba sukan sayar da mushen mota ɗungurum a kan kuɗin da akwatin giyarta kaɗai ya fi. Tunda an daina ƙera 404 da 504, duk wadda aka narkar ta tafi ke nan, tare da kayan da za su raya wasu biyar.

Na biyu, iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024, gadar Gaya da ke kai mu Kwatano kuma ta daɗe a rufe. A waɗannan watanni kowa ya ga yadda kayan gyara suka yi wuya suka yi tsada, kuma masu mushe a gida su ne motocinsu suka ci gaba da fita. Muna da matatar mai ta SORAZ a ƙaramar hukumar Olelewa, cikin gundumar Tanut, tun Nuwamba 2011, amma fulogi ɗaya ba mu ƙerawa.

Na uku, kuma shi ne babba, motocin da ke tafe. Hilux ɗin da ake ƙerawa yanzu kwamfuta ke auna mata mai. Bututun feshin gazuwal ɗinta ba ya jure datti ko kaɗan, kuma idan ta ƙi tashi sai an jona mata na'ura, ta fito da lambobi da rubutu a allo. Kunne da sabulu ba za su wadatar ba. Waɗannan motoci su ne tsofaffin da za su iso Tanut da Belbeji nan da shekara goma ko sha biyar. A Amurka manoma sun shafe shekaru suna jayayya da kamfanin John Deere a kan a ba su damar gyara taraktocinsu da kansu, domin makullin gyaran ya koma cikin kwamfuta. Bakaniken da bai iya karatu ba, komai kaifin basirarsa, zai tsaya a gaban irin wannan mota kamar baƙo.

Na huɗu daga gare mu yake, kuma sai an faɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai sassan da ba a yi musu dabara: birki, sitiyari, da tayar da ta ƙare har zare ya fito. Ita ma dokar Faransa da na ambata ta cire birki da sitiyari daga cikin abin da ake sa tsoho. Reshen aduwa da roba an yi su ne don a kai gari, ba don a yi damina da su ba. Motar da aka ƙera don tan ɗaya ko ɗan sama da haka, a ɗora mata buhuna har su wuce rufi, a ɗora mata mutane a kan buhunan, cikinsu har da ɗalibanmu masu komawa hutu, wannan ganganci ne. Babu garin da bai san gidan da aka yi zaman makoki saboda irin wannan lodi ba. Madugun kirki bai taɓa ɗora wa raƙumi abin da zai karya shi ba.

Gare mu malamai da iyaye

Mun daɗe muna ɗaukar gareji a matsayin inda ake jefa yaron da boko ya ƙi. Uba ya ce tunda ba ya ganewa, a kai shi wajen bakanike. Malami ma wani lokaci da haka yake yi wa yaro barazana. Tarihin da na zayyana ya nuna cewa mutanen da muke yi wa wannan kallo su ne suka riƙe sufurin yanki guda na tsawon shekara hamsin, ba tare da masana'anta ko littafin jagora ba. Ya kuma nuna cewa zamanin da za a iya yin wannan sana'a babu karatu yana ƙarewa.

Ga iyaye, shawarata ita ce kada a sa yaro zaɓi tsakanin allo da sifana. Wanda hannunsa ke son ƙarfe, wanda tun yana ƙarami yake ƙera motar kara da ta gwangwani har da ƙafafu masu juyawa, a bar shi ya je gareji ranar da babu aji da lokacin babban hutu, amma ya ci gaba da makaranta har ya iya karanta Faransanci da lissafi sosai. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin fasaha. A bincika, a kai yara, mata da maza. Idan za a danƙa yaro ga maigidan sana'a, a zauna da shi a yi magana a kan abin da zai koya da tsawon lokacin, don kada ya shekara biyar yana wanke noti da sayo shayi. Wanda kuma ya gaji mushen mota, kafin ya kira mai sikeli ya kira bakanike ya kimanta masa ita sashe-sashe.

Ga 'yan uwana malamai, kayan aiki suna rataye a tsakar makarantarmu. A sauke jantin nan, yara su auna kewayensa da faɗinsa da zare, su raba, su ga 3,14 ta fito da hannunsu. A ba su lissafin gaske: motar da ke shan lita 12 a kilomita 100, lita nawa za ta sha daga Tanut zuwa Damagaram da dawowa, kuma buhu nawa za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗin mai? A gayyato bakaniken gari ya zo da tsohon kafireto ya kwance a gaban aji. A darasin tarihi, a tura ɗalibai wajen tsofaffin direbobi su tambayo: wace mota ce ta fara shigowa garin nan, a wace shekara, wa ya kawo ta, ina ƙarafanta suke yanzu? A rubuta amsoshin a littafi guda a ajiye a makaranta, tare da jerin sunayen sassan mota da Hausa da Faransanci. Waɗanda suka tuƙa 404 tana sabuwa sun manyanta, kuma abin da ke kansu babu shi a wani kundi.

Idan aji da gareji suka san juna, yaron da zai gyara motar gobe daga cikinmu zai fito, da kunnen kakansa madugu da kuma idon da ke karanta allon na'ura. Idan kuwa muka bar su kowa a gefensa, ranar da motocin kwamfuta suka tsufa suka iso mu, sai an ɗauko mai gyara daga Kano ko Yamai, mai naƙuda kuma tana jira a ƙauye.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya tsare matafiya, ya sa mu dace.